Amsa: ka sayi naka, kar ka sa hannu a takardar haya

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, da na karanta cewa mai gyara ya rufe maka gas ya rataya jan kati a jikin fanis ɗinka, wato injin ɗumama gida, saboda tukunyar zafin ta tsage, kana tambaya ko ka saya ko ka karɓi na haya, sai da gabana ya faɗi. Allah Ya tsare ka da iyali. Kar ka bari kowa ya kunna maka shi a ɓoye. Ta wannan tsagar iskar nan mai guba, kabon monoksaid, ke shiga gida, ba wari ba launi.

Ka saya. Ko da bashin banki ne.

Mu a Hamilton, a lardin Ontariyo na Kanada, namu ya mutu a Janairun 2019, cikin wannan mugun sanyin, da tsakar dare. Uwargida na goyon jariri. Muka kira wani kamfani, suka turo wani mai zaƙin baki. Ya shigo, ya ga yara a falo sanye da rigunan sanyi da safar hannu, numfashinsu na fita kamar hayaƙi, ya gane ya samu nama. Ya ce ba sai na ba da ko sisi ba, kuɗin wata ne kaɗan, gyara kyauta har abada, gobe da safe za a haɗa. Ya riƙa murza shafuka a kwamfutarsa ta hannu da sauri yana nuna min inda zan dangwala. Har ya tsuguna ya yi wa ƙaramin yarona wasa, wannan ne ke ƙona min rai har yau. Bai ce min kuɗin na ƙaruwa kowace shekara ba. Bai ce sun yi rajistar haƙƙinsu a kan takardar gidana ba. Sai da muka je sauya bankin bashin gida lauya ya gano. Abin da suka yanka min kafin su sake ni ya isa sayen fanis biyu. Na kira, na rubuta, kullum sai a ce manaja baya nan. Allah Ya isa.

A Yunin 2024 gwamnatin Ontariyo ta soke irin wannan rajistar, amma bashin yarjejeniyar na nan wuyan wanda ya sa hannu.

Kan injin kansa, kar sunan kamfani ya ruɗe ka. Lennox, Carrier, Trane, Goodman, duk suna aiki idan mai haɗawa ya san hannunsa. Ka tambaye shi lasisin TSSA, hukumar da ke ba masu aikin gas lasisi a Ontariyo. Ka nemi farashi wajen mutum uku, kuma duk wanda bai auna gidan ba, bai duba tagogi ba, ya leƙa tsohon kawai ya ce irinsa za a sa, sallame shi. Fanis ɗin da ya fi ƙarfin gida kunnawa yake yana mutuwa, sama zafi, ƙasa ƙanƙara. Nemi mai mayar da kashi 95 ko 96 cikin ɗari na gas ɗin zuwa ɗumi, in da hali mai matakin wuta biyu, ƙarama da babba. Bututunsa na roba ta gefen bango yake fita, duk ranar da dusar ƙanƙara ta sauka ka je ka share bakinsa, in ya toshe injin tsayawa yake. Ka yi rajistar garanti da wuri, wasu kwana 60 kawai suke bayarwa.

Don Allah kafin a haɗa sabon, kar Hajiya ta bar obin a buɗe don ɗumi, balle a hura gawayi a cikin gida. Hita ta lantarki, kai tsaye a soket ɗin bango. Ka bar famfo na ɗiga kaɗan saboda bututun ruwa. Ina da hita biyu a gareji, in kana kusa ka yi min magana ta akwatin saƙo in kawo maka bayan Isha'i.