Kafin ka zuba ƙwan Triops a tankin kifinka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi mai cin lita 60, ina kiwon ƙananan kifayen ado, guppy da neon tetra, a ciki. Na ga ana tallar ƙwan Triops a intanet, wai busasshe ne, da an zuba a ruwa sai ya ƙyanƙyashe. Yara sun matsa min lamba. In saya in zuba a tankin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka saya, amma kada ƙwan ya kusanci tankin nan. In ka zuba, ka ba kura ajiyar nama ke nan. Jaririn Triops a ranar farko da ƙyar ido ke ganinsa, guppy kuwa duk abin da ya motsa a gabanta in ya shiga baki ta haɗiye. Wanda ya tsira daga kifi, matatar ruwa za ta zuƙe shi.

Wannan halitta ta Triops, dangin jatan lande ce mai ɓawo kamar garkuwa a baya, da wutsiya mai reshe biyu, da ido uku, asalinta a kududdufin da ruwan sama ke cikawa ya kuma ƙafe take rayuwa. A irin wannan ruwa babu kifi, shi ya sa ba ta san gudu ko ɓuya ba. Ƙwan ma ruwan tankinka ba zai yi masa ba: sabon ruwa mai ƙarancin ma'adinai yake jira, irin na sama, shi ke sanar da shi cewa kududdufi ya cika. Ka samo roba ko ƙaramin tanki daban, ka zuba lita ɗaya ko biyu na ruwan sama mai tsabta, ɗuminsa ya tsaya tsakanin digiri 22 da 28, a wurin da akwai haske. Ruwan famfo mai kulorin kashe su yake yi. Cikin awa 24 zuwa 48 za ka ga wasu ɗige-ɗige suna tsalle a ruwan. Daga kwana na biyu ko na uku sai a fara ba su garin spirulina (wani irin gansakukan ruwa), abin da bakin tsinke zai ɗauka kawai. Yawan abinci ya fi yunwa kashe su.

To, in sun girma fa? Nan ne masu kiwo ke rabuwa. Bayan kamar mako biyu, sun kai santimita biyu ko uku, neon tetra ba za ta iya haɗiye su ba, wasu kan mayar da su babban tanki su zauna lafiya. Ni dai ban cika ba da wannan shawara ba. Triops yakan yi saɓa a kai a kai, sabon ɓawon kuma laushi gare shi, a lokacin ne kifi ke tsattsage masa ƙafafu. Shi ma ba kanwar lasa ba ne: yana cin ƙwan kifi, da jariran guppy in ya riske su, har ɗan'uwansa in yunwa ta kama shi. Wuni yake yana tonon yashi, ya tumɓuke tsirran da ka dasa, ya dama ruwa. (Wannan tonon ne ya sa manoman shinkafa a jihar Kalifoniya ta Amurka ke ɗaukarsa a matsayin ƙwaro mai ɓarna.) In akwai kifin betta ko angelfish a tankin, maganar ma ba ta taso ba. Sannan ka duba duk maganin kifin da kake sawa a ruwa: in da jan ƙarfe a cikinsa, guba ne a wurin Triops.

Tambaya: Na saya wa 'yata, sun girma sun yi kyau, sai ga shi wata biyu bai cika ba duk sun mutu. Mai sayarwa ya cuce ni ne?

Amsa: Hajiya, bai cuce ki ba, sai dai in bai faɗa miki tsawon kwanansu ba. Irin da aka fi sayarwa, Triops longicaudatus, wata ɗaya zuwa uku yake yi a duniya. Ki lallashi yarinya, amma kada ki zubar da yashin. Tun suna da kamar mako biyu suke binne ƙwai a ciki, kuma a irin da ake sayarwa sau da yawa guda ɗaya ma ya isa, ba sai an haɗa namiji da mace ba. Ki tsiyaye ruwan, ki shanya yashin ya bushe ƙarau na aƙalla mako biyu, sannan ki ɗebi kaɗan ki zuba sabon ruwa. Ba duka ne za su ƙyanƙyashe a karon farko ba, don haka in kin gama ki sake shanya shi. Busasshen ƙwan yakan yi shekaru a ajiye bai lalace ba.

Tambaya: Cikakken ƙunshi mai roba da abinci zan saya, ko ƙwan kawai?

Amsa: Ƙwan kawai, ɗan'uwa. Robar da ke cikin ƙunshin ta ƙyanƙyasa ce, bayan mako guda ta yi musu kaɗan. Da kuɗin ka sayi tanki mai faɗin ƙasa, da yashi mai laushi, da matatar soso, ka lissafa lita biyu zuwa huɗu ga kowane babba.