Tayar filin tsere a mota mai zuwa aiki kullum: amsa ga Malam Habibu

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ka ce motarka Toyota GR86 ce, da ita kake zuwa aiki a Riyad kullum, kana kuma shiga filin tsere na Dirab da ke kusa da Riyad sau ɗaya a wata ko wata biyu, kuma kana son sanin ko za ka sa mata taya mai lamba 200 ka bar ta a kai, titi da fili duka. Zai yiwu, mutane da yawa suna yi. Amma a zafin ƙasar nan asarar kuɗi ce, kuma idan zuwanka fili bai kai biyar ko shida ba, ban ba ka shawarar ka saye ta yanzu ba.

Mu fara da lambar da ake ta magana a kanta. A kumatun kowace taya, wato gefenta, akwai rubutu TREADWEAR da lamba a gabansa. Michelin Pilot Sport 4S tana da 300. Bridgestone RE-71RS, Yokohama A052, Hankook RS4 da Falken RT660 duk 200 ne. Toyo R888R kuwa 100. Ƙanƙantar lamba tana nuna laushin roba, laushin roba shi ne kama kwalta, shi ne kuma saurin cinyewa. Sai dai kowane kamfani shi ke sa wa tayarsa lamba, don haka 200 ɗin wannan ba 200 ɗin wancan ba ce. A052 tana kamawa tun zagayen farko, amma ba ta jure dogon zafi, bayan zagaye kaɗan masu ƙarfi za ka ji ta fara santsi. RS4 ba ta kai ta kamu ba, amma ta fi ta haƙuri da zafi nesa ba kusa ba, ta kuma fi daɗewa. In har dole sai saiti ɗaya, a yanayin Riyad RS4 da ire-irenta su ne daidai. R888R kuwa ka cire ta daga lissafin zuwa aiki, ƙugin da take yi a kan babban titi kaɗai ya isa ya gundure ka.

Abin da yawancin masu saye ba sa lissafawa shi ne, tayar fili tana mutuwa ta hanya biyu. Ta farko kowa ya san ta, zane ya suɗe. Dama da zane gajere take zuwa, wajen milimita 5 zuwa 6, alhali tayar titi tana zuwa da 7 zuwa 8, kuma a 1.6 kowace ta ƙare. Ta biyu ba a ganinta da ido. Duk lokacin da robar ta yi zafi sosai ta huce, tana ƙara tauri kaɗan. A ƙasashen sanyi tafiya ofis ba ta zafafa taya ƙwarai, shi ya sa za ka ji mutanen can suna cewa babu komai. Mu nan a Yuli da Agusta iska tana haura digiri 43, kwalta ta fi haka zafi sosai, ga gudun kilomita 120 a hanyar zobe da ta kewaye gari, ga 140 a hanyar Dammam, ga motar ta wuni a rana a bakin ofis. Ka sayi taya a Afrilu, ka yi bazara da ita kana zuwa aiki, kafin Nuwamba lokacin da fili ke daɗi ta riga ta ƙandare. Zane yana nan, kamu ya tafi. Ka biya kuɗin riƙo ka ƙarar da shi a cunkoson titin Sarki Fahad.

Ga kuma ruwa. Kada ƙarancin ruwan sama ya ruɗe ka. Kwaltar da ta yi watanni ba ta ga ruwa ba tana tara ƙura da mai, yayyafin farko yana mai da ita kamar sabulu, sannan ruwa yana kwanciya a ƙarƙashin gadoji. Wanda ya ga ambaliyar Jidda a Nuwamba 2022 ya sani. Tayar fili ba ta da ramuka masu yawa na korar ruwa, idan zanenta ya sauko zuwa milimita 3 tana iya hawa kan ruwa a gudun da tayar titi ba za ta ko girgiza ba, sitiyari ya yi sakayau a hannunka, kuma motarka tayoyin baya ne ke tura ta. Da asubahin hunturu ma, idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, robar ba ta kamawa sai ta ɗumama. A shatale-talen farko bayan fita gida ake samun matsala.

Dalilin da ya sa na ce ka dakata shi ne koyo. Taya mai 300 tana ƙara tana gargaɗi kafin ta saki, kuma a hankali take saki, za ka ji a kujera ka gyara. Mai 200 tana rufe kuskuren direba, ka shiga kwana ba daidai ba ta riƙe ka, har ranar da za ta saki a gudun da ya fi ƙarfin hannunka. Ka cinye saiti ɗaya na Pilot Sport a fili tukuna.

Idan ka wuce nan, ka nemi wili huɗu na daban, jant kamar yadda ake ce musu a shagunan nan. Na GR86 ramuka biyar ne, tsarin da ake kira 5x100, kuma inci 17 ya fi 18 arha wajen taya. Masu wannan mota da yawa suna sa taya mai faɗin milimita 245 a kan wili mai faɗin inci 9, amma ka gwada a jikin motar ka juya sitiyari har ƙarshe kafin ka biya. Daɗin abin, idan ka kwantar da kujerar baya tayu huɗu suna shiga motar, da gangan aka ƙera ta haka. Ka tafi da jak mai kyau da sifana mai awon ɗauri. Awon ɗaurin notin wili 120 Nm ne, a ɗaure a tsallake, ba bi da bi ba. Ka sake dubawa bayan fita ta farko, amma sai wili ya huce. Kada ka bar yaron banshar, wato shagon gyaran taya, ya ɗaure maka da bindigar iska, yana miƙar da ƙusoshin.

Yanzu iska, wadda ita ce ke kashe taya a rana ɗaya. Abin da ke rubuce a bakin ƙofar direba na titi ne, kuma da sanyi ake auna shi. A fili taya tana ƙara psi (ma'aunin ƙarfin iska) 6 zuwa 10 saboda zafi. Idan ka shiga da 35 za ka fito da 41 ko fiye, tsakiyar tayar ne kawai ke taɓa ƙasa, motar ta yi ta zamewa kai kuma kana zargin taya. Abin nema shi ne 32 zuwa 34 da zafi. Ka fara da 27 ko 28, ka yi zagaye biyu a hankali don kada kumatu ya lanƙwashe, sannan ka taka. Da ka fito ka auna nan take, kafin ka cire hular kwano, ka rage abin da ya haura. Ka rubuta na kowace taya, domin ɓangaren da shan kwana ya fi danna wa nauyi ya fi zafi, haka ma ɓangaren da rana ke duka. Gejin awon iska na kanka ka saya, na gidan mai ba abin dogaro ba ne. Kafin ka kama hanyar gida kuma, bayan tayu sun huce, ka mayar da iskar titi. Taya mai ƙarancin iska a dogon gudu cikin zafi ita ce ke fashewa.

Ka duba kafaɗar tayar gaba ta waje bayan kowace fita. Idan ita kaɗai ke ci, ba laifin tayar ba ne, saitin ƙafa ne. Motar daga kamfani tayoyin gabanta kusan a miƙe suke, a kwana sai su kwanta kan kafaɗa. A wurin mizani, inda ake saita ƙafar mota, ka ce a karkatar da saman tayar ciki, digiri 2 zuwa 2.5 a gaba, da notin karkatarwa na musamman ko faranti a saman shokozoba. Bakin tayoyin gaba kuma a bar shi a sifili, wato su kalli gaba tsaf, ba su buɗe waje ba, ba su matse ciki ba. Mutane suna ɗora wa karkata laifin cin ciki, alhali buɗewar baki ce ta fi ci.

Ranar saye ka karanta lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a kumatun taya, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 1824 na nufin mako na 18, shekarar 2024. Tayar fili ba ta da kasuwa sosai a nan, tana iya daɗewa a sito mai zafi, don haka wadda ta haura shekara biyu ka bar musu ko da sun rage kuɗi. A rubutun TEMPERATURE ka tabbata A ce. Ajiya kuma ba a saman bene ba, ba a baranda ba. A wanke su, a sa kowace a baƙar leda a ɗaure, a ajiye a ɗaki mai inuwa. Tayar da ƙusa ta huda aka yi mata faci ta koma ta titi kawai, kada ta sake shiga fili.

Abu ɗaya da ya kamata ya riga tayar: da zarar kamu ya ƙaru, birki ne zai ɗauki zafin. Man birki na kamfani yana tafasa, feda ta nutse a ƙarshen miƙaƙƙen layi. Ka canza shi zuwa DOT 4 mai jure zafi irin Motul RBF 600, ka sa takalman birki na fili, ka kuma bar zagayen ƙarshe na kowace fita don hucewa. Idan ka tsaya kada ka ja birkin hannu, ka sa giya ka kashe motar.

Ka faɗa mana girman tayar da ke kan motar yanzu, 17 ce ko 18, da kilomita nawa kake yi a wata, da ko akwai inda za ka ajiye wili huɗu a gidan da kake. Allah Ya tsare hanya.