Iskar Ɗakin Kaji: Amsoshin Wasiƙunku

Wani mai kiwon kajin nama ya rubuto cewa kajinsa na ta haki da atishawa. Ya sauya antibayotik har ya gaji, ya ƙaro fanka, amma mace-mace ba su tsaya ba.

Malam, ajiye magungunan nan tukuna, kuɗinka kake zubarwa. Kaza ba ta gumi. Zafin jikinta ya kai digiri 41, kuma ta baki take rage shi. Muddin iska ba ta da mafita, fankar da ka rataya juya zafin kawai take yi. Ka shiga da sassafe kafin a ɗaga labule, ka durƙusa har hancinka ya zo daidai kan kaza. In idonka ya yi yaji, amoniya ce, wato iska mai wari da ke tashi daga jiƙaƙƙen kashin kaji, ita ke ƙone musu hanyar numfashi har cuta ta samu ƙofa. Bai kamata ta wuce kashi 25 cikin miliyan na iskar ɗakin ba. Na sha faɗin wannan, amma mutane sun fi son abin da ake zubawa a ruwan sha.

Wata Hajiya kuma za ta gina babban ɗaki. Injiniya ya ce a fara gwada tafiyar iska a kwamfuta, tana tambaya ko dabarar cin kuɗi ce.

Hajiya, ba dabara ba ce. Haka ake tsara iskar manyan masana'antu da ɗakunan ajiya. Manhajar kwamfutar da ake gwajin da ita tana yanka cikin ginin zuwa ƙananan akwatuna masu ɗimbin yawa, ta lissafa gudun iska da zafinta a kowanne, sannan ta fito da hoto mai launi. Nan za ki ga lungun da iska ta kwanta, da inda take bi ta saman kaji ta fice ba ta taɓa su ba. Matsar da taga a zane ya fi fasa bango sauƙi. Sai dai abin da aka ba manhajar shi take dafawa: in ba a saka zafin da kajin ke fitarwa da na kwanon rufi da tsakar rana ba, hoton ado ne kawai. Ki nemi injiniyan ya nuna miki iskar daidai tsayin kaza, ba tsayin mutum ba. A rufaffen ɗaki mai fankoki a ƙarshensa, manyan kajin nama na buƙatar iska mai gudun mita 2.5 zuwa 3 a daƙiƙa lokacin zafi. Bayan gini kuma a saki hayaƙi a mashigar iska, a ga ko ya bi hanyar da kwamfuta ta ce.

Mai ƙaramin ɗaki da ragar waya ba ya buƙatar duk wannan. Ya miƙar da tsawonsa gabas zuwa yamma, kada faɗin ya wuce mita 10, ya bar kafa a ƙololuwar rufi don iska mai zafi ta fita.

Mai tambayar dalilin da fankarsa ta rage ƙarfi: goge ƙurar fukafukanta, ka ɗaure bel ɗin.