Ɗan Kwikwiyo Ya Cije Ni A Wurin Aikin Sa Kai: Shin Akwai Haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mako uku ke nan da na fara aikin sa kai a wani gidan kula da karnuka da kyanwoyin da ba su da masu su, inda nake wanke keji da zuba musu abinci da ruwa. Shekaranjiya wani ɗan kwikwiyo da aka tsinto a titi ya cije ni a babban yatsa, har jini ya ɗan fito. Waɗanda suka riga ni fara aikin sun ce kada in damu, tunda kwikwiyon ƙarami ne, ba ya kumfar baki, kuma ba ya faɗa. Amma hankalina ya ƙi kwanciya, ko barcin kirki ba na samu. Shin akwai haɗari, kuma ya kamata in bar aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Damuwarki tana kan hanya, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ki je asibiti yau, ba gobe ba, ki ce dabbar da ba a san tarihin rigakafinta ba ta cije ki har jini ya fito, domin a fara miki allurar ciwon haukan kare. Kafin ki fita, ki sa yatsan a ƙarƙashin ruwa mai gudu, ki wanke shi da sabulu na tsawon minti 15 cur, sannan ki shafa aidin idan kina da shi. Kwana biyu da suka wuce ba su sa kin makara ba, amma kowace rana da kika ƙara tana rage miki rata.

Maganar da abokan aikinki suka faɗa miki ita ce maganar da na fi jin takaicinta a wannan sana'a, kuma kusan kullum sai na ji ta daga bakin mutanen da suka daɗe da dabbobi, waɗanda ya kamata a ce sun fi kowa sani. Mutane sun ɗauka mahaukacin kare shi ne kawai wanda ke yawo yana kumfa, idanu jajur, yana kai cizo ga duk abin da ya gifta. Wannan fuska ɗaya ce ta cutar. Akwai ɗaya fuskar mai shanye jiki, wadda kare zai lafe a lungun keji shiru, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, yawu na dalala, idan ya yi haushi muryar ta fito a dushe. Na sha ganin mai tausayi ya dubi irin wannan kare ya ce ƙashi ne ya maƙale masa a maƙogwaro, ya buɗe bakin ya cusa hannu ba safa yana lalube, alhali akwai ƙujewa a yatsunsa. Ba a cije shi ba, amma yawun ya riga ya shiga inda bai kamata ba.

Abin da ya fi wannan tsanani shi ne ƙwayar cutar tana iya bayyana a yawun dabba kwanaki kafin a ga wata alama a jikinta. Saboda haka kwikwiyon da ke kaɗa bindi yana wasa da igiyar takalminki zai iya ɗauke da ita. Ƙanƙantarsa kuwa ba kariya ba ce, hasali ma ita ce abin dubawa, domin galibi sai kwikwiyo ya kai wata uku ake yi masa allurar farko, wanda aka tsinto a titi kuma babu wanda ya san abin da ya cije shi, ko abin da ya kashe uwarsa. Haka ma ƙanƙantar raunin ba kariya ba ce. Ƙwayar tana bin jijiyoyi ne a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, kuma yatsu na daga cikin sassan jiki masu yawan jijiyoyi, shi ya sa muke ɗaukar cizo a yatsa da fuska da wuya da muhimmanci na musamman.

Daga nan sai masu cewa a jira a ga alama. Wannan shawara ce da ta kai mutane da yawa kabari. Cutar takan ɗauki wata biyu zuwa uku tana ɓoye, wani lokaci mako guda kawai, wani lokaci har shekara, raunin ya warke sarai, mutum ya manta da shi. Ranar da zazzaɓi ya fara, wurin tsohon cizon ya soma ƙaiƙayi ko zugi, mutum ya ga ruwa a kofi maƙogwaronsa ya shaƙe saboda tsoro, to kusan babu wanda ke tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin ɗari daga kare suke kamuwa. Duk wannan a kan cutar da aka samo rigakafinta tun shekarar 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu.

Ina roƙonki kada ki saurari mai cewa a shafa toka, ko barkono, ko ruwan wani ganye, ko a ƙona gashin karen a ɗora a kan raunin. Masu sayar da irin wannan magani suna kafa hujja da waɗanda suka warke a hannunsu, sun manta cewa ba kowane kare mai cizo ne ke ɗauke da cutar ba, don haka waɗancan ko ba a yi musu komai ba lafiyarsu ƙalau. Wanda ya haɗu da mai cutar na gaske ba ya dawowa ya ba da shaida. Illar wannan magani ita ce kwanakin da yake cinye wa mutum, alhali a cikinsu ne allura za ta yi aiki.

A asibiti, tunda jini ya fito, idan ba a taɓa yi miki rigakafin ba, ki tambaya a kan allurar garkuwa da ake zubawa a cikin raunin da kewayensa, wadda take tare ƙwayar kafin jikinki ya haɗa tasa garkuwar. Ana iya yin ta har zuwa kwana 7 bayan allurar farko. A duba kuma rigakafinki na sarƙe-haƙora, kuma kada a yi gaggawar ɗinke raunin. Idan aka ce sai kin kawo takarda daga wani ofishi, ko sai an kawo karen, ki dage a fara allurar, takarda ta biyo baya. Shi kuwa kwikwiyon, a killace shi shi kaɗai na kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, kada a sake shi, kada a ba wani riƙo. Idan ya cika kwanakin lafiya lau, likitanki zai iya dakatar da sauran alluran. Idan ya mutu ko ya sauya hali, a kai shi gwaji, ke kuma ki kammala.

Batun barin aiki kuwa, ban ga dalili ba. Dabbobin nan suna buƙatar mai share musu keji da mai lura da wanda ya ƙi cin abinci, kuma gidan da ke yi wa karnuka allura yana kare mutane ne kai tsaye, domin idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki rigakafi, yaɗuwar cutar takan tsinke. Laifin da nake gani yana wuyan masu gudanar da irin waɗannan gidaje, waɗanda za su sa ɗan sa kai ya cike takardu shafi-shafi amma ba za su tambaye shi ko an yi masa rigakafi ba, alhali allura biyu ce kawai, a ranar farko da bayan kwana 7. Wanda aka yi wa ita, ko an cije shi daga baya, ƙarin allura biyu zai karɓa, ba ya buƙatar allurar garkuwar nan mai wuyar samu.

Idan kin koma, ki bar sababbin dabbobin da ba su fita daga killace ba ga waɗanda aka horar, ki sa safar hannu mai kauri, ki rufe duk wata ƙujewa kafin ki shiga keji, kuma kada ki bari a lashe miki fuska. Ki nemi a buɗe littafin da za a riƙa rubuta kowane cizo da yaƙushi, da ranarsa, da dabbar da ta yi shi. Sannan ki tambaya ko akwai wani da wannan kwikwiyon ya cija ko ya yaƙusa tun ranar da aka kawo shi, har da wanda ya tsinto shi, ku tafi asibitin tare.