Kurnar ƙofar gidanmu ce suke kira sidir

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama karatun aikin gona, ka ji Saudiyya na tuge ciyawar ado tana dasa itatuwan ƙasarta, kana so ka zo Riyad neman aikin lambu, amma ka rasa inda za ka karanci tsirran nan kafin ka taso.

Labarin gaskiya ne, ko da yake akwai masu gidan da har gobe ba sa jin daɗi sai sun ga fili kore shar. Ruwa ne ke korar ciyawar. Ruwan saman Riyad a shekara bai fi milimita 100 da 'yan kai ba, abin da Kano kan samu wata bai cika ba a tsakiyar damina. Na famfo kuwa mafi yawansa ruwan teku ne da aka cire wa gishiri a wajen Jubail, a turo shi ta bututu fiye da kilomita 400. Ciyawar da suke shimfiɗawa, 'yan Sudan na ce mata najila, galibi kiri-kirinmu ce, kuma a watan Yuli sai an shayar da ita kullum. Shi ya sa shirin mayar da birnin kore, wanda Sarki Salman ya ƙaddamar a 2019 da niyyar dasa itace miliyan 7.5, ya dogara da ruwan magudana da aka tace, da itatuwa masu jure ƙishi.

Makon farko da na fara aiki, injiniyanmu ya miƙo mini jerin sunaye da Larabci, gabana ya faɗi. Wani tsoho ɗan Sudan a mashtal, wato wurin renon dashe, shi ya kama hannuna muka bi layi-layi. Sidir, ashe kurna ce. (Malamanmu kan fassara ta da magarya, 'yan uwan juna ne, amma wadda ake dasawa a nan kurna ce.) Arak, itacen asuwaki. Ƙarad, bagaruwa. Dom, goriba. Hijlij, aduwa. Ushar kuwa sai da na yi dariya, tumfafiyar da ko akuya ba ta damu da ita ba. Har izkhir, ciyawar da Annabi (SAW) ya keɓe daga hanin yanke tsirran Harami da Abbas ya roƙa, ita ce nobe. Rabin karatun kana da shi tun kana kiwon tumakin Baba, sunayen ne kawai ba ka haɗa ba.

To ka sayi littafin rubutu ka ja layi uku: Hausa, Latin (sunan kimiyya), Larabci. Na Hausa zuwa Latin, nemi ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa da Dalziel ya wallafa a 1916, yana intanet kyauta. In ka sami na Latin, zuba shi a shafin Plants of the World Online na lambun Kew da ke Ingila, zai nuna maka a taswira ko tsiron ɗan ƙasar Larabawa ne ko baƙo. Kada ka ruɗe in ka ga bagaruwa da suna biyu, an ɗauke ta daga Acacia zuwa Vachellia, tsofaffin littattafai na nan kan na da. Sannan hukumar raya birnin Riyad ta fitar da kundin tsirran da suka dace da yankin, da hotuna da yawan ruwan da kowanne ke so. Shi na fi buɗewa. Ka kuma riƙa bin sanarwar cibiyar bunƙasa tsirrai da yaƙi da hamada da ke ƙarƙashin ma'aikatar muhalli, ruwa da noma. Waɗanda za su zame maka baƙi su ne talh, samur, gada, rims da arfaj. In Allah ya kawo ka, Juma'a ɗaya a Wadi Hanifa, kwarin da gyaransa ya ci kyautar Aga Khan a 2010, ta fi wata guda kana kallon hoto.

Ba duk abin da ya yi kore a hamada ne ɗan gida ba. Dogon yaron da alhazai ke fakewa a inuwarsa a Arfa asalinsa Indiya. Itacen konokarpas da aka cika katangu da shi saiwarsa na kutsawa cikin bututu. Itacen miskit kuwa tambayi ɗan Sudan: an kai musu shi a 1917, ya cinye gonaki, har a 1995 gwamnati ta ba da umarnin a kawar da shi.

Ni kaina na yi ɓarna. Wani gida muka cire ciyawa muka dasa talh, na bar injin feshin ruwa yana aiki yadda ya saba, tausayi nake ji. Saiwa ta ruɓe, rabi suka mutu, aka cire a albashina. Waɗannan itatuwa ɗigo-ɗigo suke so a gindi, a shayar sosai sannan a bar ƙasa ta sha iska, kuma dashe sai zafi ya karye, daga Oktoba. Kada kuma wani ya aike ka daji ka tono masa tsiro ko ka saro ice, tara ce mai nauyi.

Maganar tahowa, ban yarda ka shigo da bizar Umara ka maƙale ba. Mai aikin lambu a bakin titi yake wuni, ba shi da wurin ɓuya, ba iƙama (takardar izinin zama) ba kwanciyar rai. Sai da bizar aiki da yarjejeniya a rubuce, ka karanta albashi da masauki da idonka, kuma a rubuta sana'arka daidai da takardunka, don in aka sa lebura, albashin lebura za ka ci. Doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, amma sauran awannin ma ba wasa ba ne.

In ka cika suna talatin a littafin, ɗauki hotonsa ka turo mini ta WhatsApp, in kai wa tsohon nan ya duba layin Larabcin. Ka gaida Inna da su Yaya.