Ƙanina ya fito daga nutso da ciwon kafaɗa, sai aka mayar da shi ruwa

Tambaya: Likita, ƙanina yana raka baƙi nutso da tukunyar iska a murjanin Sanganeb da ke Bahar Maliya, kusa da Bur Sudan. Shekaranjiya ya sauka mita 30 har sau uku wajen kallon kifin shak mai kan guduma. Da yamma kafaɗa ta ɗauki ciwo, ƙafa ta sage. Abokan aikinsa suka mayar da shi ƙasan ruwa wai iskar ta narke. Ciwon ya lafa, amma ƙafar ba ta dawo daidai ba. Hankalinmu a tashe yake.

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya. A kai shi asibiti yau, a gaya wa likita zurfin da ya kai da yawan saukarsa, domin sagewar ƙafa alama ce cewa kumfar naitirojin, wato iskar da ke narkewa a jikin mai nutso a ƙasan ruwa ta koma kumfa idan ya hau sama, ta taɓa laka, kuma ɗakin matsin iska, inda ake sa majiyyaci a ƙara matsin iska don kumfar ta narke, yana amfani ko da an kwana biyu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "a mayar da shi ruwa", wadda nake ji kullum daga bakin masu jirgin da ba su taɓa ganin yadda shanyewar ƙafafu ke farawa ba. Gaskiya ne matsin ruwa yana ƙanƙantar da kumfar, shi ya sa ciwon ya lafa har suka ɗauka sun yi magani. Amma iskar da ke cikin tukunyarsa kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, saboda haka duk mintin da ya yi a ƙasa ƙarin cutar yake shaƙa, idan ya hau kuma kumfar ta dawo da girmanta ko fiye. Ga sanyi, ga gajiya, ga mutumin da zai iya suma bututu a bakinsa, kilomita kusan 25 daga gaɓa. Wa zai ɗauki alhakin ransa? Tausa da wanka da ruwan zafi ma ba magani ba ne, suna iya tsananta abin.

Abin da ya kamata su yi tun a jirgi shi ne su kwantar da shi, su ba shi tsantsar oksijin da ruwan sha, su juya zuwa gaɓa. Yanzu kada ya sake nutso, kada kuma ya hau jirgin sama sai da izinin likita, domin raguwar matsin iska a sama tana kumbura kumfar da ta rage.