An Yanke Mini Ƙafa, Kamfani Ya Kawo Takarda In Sa Hannu

Tambaya: Barista, barka da aiki. Wata takwas ke nan da motar wani kamfani ta buge ni a kan babur. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, daga ƙarshe aka yanke mini ƙafar dama daga saman gwiwa. Ni tela ne, da ƙafar nan nake taka keke. Kamfanin ya biya kuɗin asibiti, ban raina ba. Yanzu sun turo wakili da wasu kuɗi da takarda, wai in sa hannu magana ta wuce. 'Yan uwa sun kasu biyu, wasu na cewa in karɓa in bar wa Allah, wasu na cewa in kai ƙara. Gaskiya kuma ranar ban sa hular kwano ba. Ina mafita?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce.

Kada ka sa hannu tukuna. Irin wannan takarda yawanci tana ɗauke da jimla guda da ke cewa ka karɓi kuɗin a matsayin cikakken haƙƙinka, ba ka da sauran magana yau ko gobe. Diyyar rauni sau ɗaya ake biyanta. In bayan shekara biyu dungun ya yi gyambo aka ce sai an sake aiki, da wuya kotu ta saurare ka, sa hannunka kawai za a nuna mata.

Kana da ƙara mai ƙarfi in har za ka iya nuna abu uku: direban ya yi sakaci, sakacin ne ya jawo hatsarin, hatsarin ne kuma ya ci ƙafar. Gudun wuce kima, tsere wa fitilar kan hanya, tuƙi da lalataccen birki, waya a kunne, duk sakaci ne a idon doka. Tunda direban yana bakin aikinsa, kamfanin da ya ɗauke shi yana ɗaukar alhakin abin da ya yi, don haka su biyun ake haɗawa a ƙara. Bayansu kuma akwai kamfanin inshora, domin a mafi yawan ƙasashe dole ne kowace mota ta yi inshorar da ke biyan mutumin da ta raunata. Sau da yawa daga can kuɗin ke fitowa. Wannan ya kamata 'yan uwanka masu jin nauyin direban su sani.

Maganar hular kwano kada ta hana ka barci. Kotu na rage diyya ne idan sakacin mai ƙara ya taimaka wajen raunin da ya samu. A wata shari'a da aka yanke a Ingila a 1975, alƙali Lord Denning ya ce a rage kashi 25 cikin 100 idan ɗaura bel ɗin kujerar mota zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 idan zai rage shi kawai, in kuma bel ɗin ba zai canza komai ba, ba a rage ko kwabo. Hula kai take karewa, kai kuwa ƙafa ka rasa.

To, nawa ne haƙƙinka? Nan ne mutane suka fi cutar kansu, don suna lissafa abin da ya wuce su manta da abin da ke tafe. Akwai asarar da ake ƙirgawa da takarda: magani, sufuri zuwa asibiti, sanduna, ɗinkin da ka rasa a wata takwas ɗin nan. Wannan sai ka jera shi dalla-dalla a cikin ƙara ka kawo hujja, alƙali ba ya ƙiyasta maka. Rasit ɗin da ya yamutse a aljihu ma a ajiye shi, haka littafin da kake rubuta awo da cinikin kwastomomi, shi zai nuna abin da kake samu a wata. Sai kuma wadda alƙali ke aunawa da kansa: azabar da ka sha, zogin da masu yankakkiyar gaɓa kan ji kamar ƙafar tana nan, rasa walwala, da raguwar abin da za ka iya nema har ƙarshen shekarun aikinka.

Ka dubi ƙafar roba kaɗai. Ba saye ɗaya ba ce. Dungu yana ramewa ya canza siffa, kwaroron da yake shiga ya yi masa yawa, ita kanta ƙafar tana lalacewa, galibi a sauya ta duk bayan shekara 3 zuwa 5. Wadda ake yi wa wanda aka yanke daga saman gwiwa ta fi tsada, saboda tana da gwiwa mai lanƙwasa. In kana da shekara 30 yanzu, lissafa sau nawa za ka saya. Mutanen kamfanin za su ce ai akwai keken ɗinki na lantarki, kana iya ci gaba da sana'a. Haka ne, to a sa kuɗinsa a lissafi. Shi ya sa nake son ka samo rahoton likitan ƙashi da na mai haɗa ƙafar roba kafin a yi zancen ko sisi.

Masu cewa ka bar wa Allah, niyyarsu alheri ce. Amma diyya ba baƙuwa ba ce a Musulunci. A fiƙihu cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya kuwa rabinta, ko da bisa kuskure aka yi. Yafiya zaɓinka ce, karɓa ma haƙƙinka ne.

Abin da ba ya jira shi ne wa'adin shigar da ƙara. A Ingila shekara 3 ne, haka ma a Legas, sauran jihohin Najeriya kowace da dokarta. Da a ce motar hukuma ce ta buge ka a Najeriya, da hankalina ya tashi, domin dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar. Ka kuma sani cewa tattaunawar sulhu ba ta tsayar da wa'adi. Akwai masu jan mutum da "mako mai zuwa" har lokaci ya ƙure. Shari'ar da 'yan sanda suka kai direba ma daban take, hukunci ake nema a can, ba ita za ta saya maka ƙafa ba. Sai dai rahotonsu da zanen wurin hatsarin za su yi maka amfani sosai, ka nemi kwafi, ka kuma nemo waɗanda suka gani tun ba su manta ba.

Da a bakin aikin wani ka ji raunin, akwai wata hanya: dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 a Najeriya, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, ba ta buƙatar ka nuna laifin kowa. Kai da kake zaman kanka, hanyarka ita ce sulhu ko kotu.

Ni ban ƙi sulhu ba. Shari'a na iya cin shekaru, ga ɗaukaka ƙara. Amma a yi shi bayan lauyanka ya rubuta musu takardar neman diyya da lissafi a haɗe. Wasu lauyoyi na yarda a biya su da wani kaso na abin da aka samu. In haka za ku yi, a rubuta kason tun yanzu. Idan wakilin ya dawo, ka karɓe shi da mutunci, ka nemi kwafin takardar, da lambar motar, da sunan kamfanin inshorarsu, ka ce masa lauyanka zai tuntuɓe su.